Shekarar da Laimomin Baba Suka Tashi Sama

Rana ta uku ga ƙaramar Sallah ce, ina kan rufin gidanmu a unguwar Jarwal ta Makka ina shanya, na ga wani abu ja kamar nunannen tumatir ya ɓullo daga bayan duwatsun da ke wajen hanyar Jidda. Ba tsuntsu ba ne, don ba ya kaɗa fiffike. Yana ta hawa sannu a hankali kamar amarya mai jin kunya, da 'yar wuta tana ƙyalli a ƙarƙashinsa. Kafin in rufe baki wani kore ya biyo shi, sannan wani fari. Can a ƙarshe wani mai launin ƙasa ya taso da ƙyar, ya yi tangaɗi, ya karkace, ya kama da wuta ya faɗo. Zanen da ke hannuna a hannun nawa ya bushe ban shanya shi ba. Abin mamaki, ba jan nan ne ya tsaya mini a rai ba, wanda ya faɗo ne. Na ce a zuciyata, ko wane ne ya yi shi, yanzu yana can da baƙin ciki, kuma ina so in san shi.

Ina rubuta wannan ne domin ku, 'ya'yana, saboda na gaji da jin yadda kuke ba da labarin. Kuna cewa tilas ce ta sa kakanku ya ba da ni, wai bakinsa ne ya suɓuce a gaban askarawa ya rasa yadda zai janye. Ba haka aka yi ba. Ina wurin, da idona.

Babana, Alhaji Garba, mai gyaran laima ne. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, shekaru yana tafe yana tsayawa ƙwadago, ta Barno, ta Fallomi a ƙasar Cadi, ta Sudan, kuma a hanyar aka haife ni. Yana cikin tsirarun mutanenmu da suka samu takardar zama tun da wuri. Shagonsa ɗaki ne a ƙofar gida, labule ne kawai tsakaninsa da tsakar gidanmu. Al'adar masu sana'ar ita ce, da zarar alhazai sun watse daga Mina, sai a tafi da buhuna a tsince laimomin da suka zubar: wadda ƙashinta ya karye, wadda iska ta juya, wadda aka tattake. Shekara guda muna warware su, ƙarfe gefe, yadi gefe, a wanke a ninke, a jira aikin Hajji mai zuwa. Wannan tsintuwar ita ce jarinmu kaf. Ni da Gwaggo Ladi, ƙanwar Baba wadda ta rene ni, mu ke farke yadin. A shekarun ne aka fara shigo da baƙaƙen laimomi na nailan, marasa nauyi kamar ɓawon albasa, kuma su Baba yake ɓoyewa a akwatin ƙarfe don su ne masu tsada.

Ni kuwa a lokacin kaina cike yake da ƙananan littattafan soyayya na Masar da nake saye tsofaffi a kasuwa, ina karantawa a ɓoye. A cikinsu saurayi kan zo da mota ko da waƙa. Nawa da ya tashi zuwa, da buhun siminti ya zo. Sunansa, wanda ban taɓa kira a gabansa ba har ya koma ga Allah, yau zan rubuta shi sau ɗaya: Ilyasu. Dako yake yi, lokacin Hajji kuma ya tafi Jidda yana ɗaukar kayan alhazai a filin jirgi, ba don kuɗin ya fi ba, sai don ya kalli jirage. Ba shi da takarda, kamar yawancin samarin unguwar. Bayan Sallar nan ya fara zuwa shagon Baba sayen ragowar waya, ni kuwa ina bayan labule ina jin komai. A nan na gane cewa wasan mutanen Jawa ne, wato 'yan Indunusiya: a ƙasarsu sukan saki balan-balan na takarda da Sallah, suka zo da abin nan Makka, suna fita wani kwari a bayan gari su yi tsere, wanda nasa ya fi nisa a sama kuma ya fi daɗewa shi ya ci. Mahaifinku shi kaɗai ne Bahaushe a cikinsu. Su suna da takarda mai laushi da 'yan uwansu ke kawo musu, shi kuwa takardar buhun siminti. Mai launin ƙasar nan da ya faɗo nasa ne.

A Fashar ta ƙasar Sudan ya girma, kusa da filin da jiragen Turawa na zamanin yaƙin Hitila suke sauka su sha mai su wuce gabas. Bayan yaƙi an bar gawarwakin wasu a gefen fili, a cikinsu ya yi wasan ƙuruciya. Idan ya fara labarinsu mantawa yake da abin da ya kawo shi.

"Baba Alhaji, akwai wani da aka zana wa haƙora a hanci, kamar kifi zai haɗiye mutum. Akwai mai inji biyu da gilashi a gaba, ka kwanta a ciki ka ga ƙasa a ƙarƙashin haɓarka. Wallahi wutsiyar wani ma yadi ce, ɗinkin hannu, irin naka!"

"Waya ka zo saye ko wa'azin jirgi?"

"Waya, Baba."

"To ga ta. Wanda idonsa ke sama, rami ne abokinsa."

Da mahaifinku ya turo manya neman aurena, a tsaye Baba ya sallame su. Ya ce ba talaucinsa ba ne, shi ma da sanda da gora ya shigo garin nan. Ba rashin takarda ba ne, wannan na Allah ne. Amma ba zai ba da 'yarsa ga ƙaton da ke cinna wa takarda wuta yana sakinta a kan garin da rabin gidajen talakawansa kara ne da kwano ba, kuma ko sau ɗaya abin nasa bai taɓa tashi ba. Na yi kuka irin na cikin littattafaina, har da ƙin cin abinci. Gwaggo ta bar ni na yi mai isata, sannan ta zauna kusa da ni tana tsince shinkafa.

"Ke Sa'a, tashi ki ci abinci, wannan kukan na 'yan Masar ne, mu ba mu iya lallashinsa ba. Kin san abin da ke tsakanin ubanki da jirgi?"

"A'a, Gwaggo."

"A Fashar ɗin nan uwarki ta kwanta bayan haihuwarki. Muna bukka a gefen filin. Kullum jiragen nan na wucewa ta kanmu, gabas, gabas, inda take son zuwa. Takan ce, Malam, waɗannan kafin la'asar sun kai bakin teku ko? A can muka binne ta. Yaron nan in ya buɗe baki yana yabon jiragen, ubanki kabari yake gani."

Daga ranar na daina kuka, na fara tunani. Ciwon da ke zuciyar Baba ba ni da maganinsa. Amma dalilai biyu ya faɗa wa mutane, wuta da faɗuwa, kuma waɗannan ana iya taɓa su da hannu. Wata rana ina farke baƙar laima na shimfiɗa ƙyallayenta a tabarma, sai na lura kowanne faɗi ne a ƙasa, tsini a sama, kamar yankan kankana. In aka jera su aka haɗa, da kansu za su dunƙule. Na kuma tuna abin da duk 'yar mai laima ta sani: baƙar laima in ta sha ranar Makka, ba ka iya ɗora tafin hannu a kanta. To in zafi ne ke ɗaga abin, me ya sa sai an rataya masa wuta? A cika shi da hayaƙi mai zafi a ƙasa, a sake shi, rana ta riƙe shi. Gwaggo ce ta kai saƙon, don ni da shi ko gaisuwa ba ma yi. Ta dawo tana dariya, ta ce ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai, ya ce a tambaye ni a wace makaranta na yi karatun jirgi.

Na san abin da nake yi lokacin da na buɗe akwatin ƙarfen nan. Tsakanin ƙaramar Sallah da saukar alhazai wata biyu ne, kuma in yadin ya tafi, Baba zai shiga kakar Hajji hannu wofi. Na auna, na zaɓa, kuma har yau ban ce da na sani ba. Da ƙailula nake ɗinki, lokacin da garin ke mutuwa don zafi, Baba yana barci a shago. Ƙaramin ɗinki nake yi, ninki biyu, irin wanda ya koya mini don kada ruwa ya bi, in bi kowane layi da ruwan ƙaro don kada iska ta fita. Watanni ina yi. Yatsuna suka yi kanta. Abin yana girma har ya fi ƙarfin ƙarƙashin gadona, muka mayar da shi cikin buhunan gawayin Gwaggo. A saman akwatin kuwa na bar 'yan ƙyallaye a kan tsummokara, kamar mai rufe tuwon da ba miya.

Da ƙaramar Sallah ta zagayo, ranar tsere, Gwaggo ta ce za ta kai waina kwarin ta sayar wa 'yan kallo, ni zan riƙe mata tanda. Da sanyin safiya muka isa. Mutanen Jawa suna ta kumbura nasu masu launi, da suka ga mahaifinku da abokansa suna warware baƙin yadi sai dariya ta tashi. Wani dattijonsu mai sayar da shinkafa ya ɗaga murya.

"Kai Bahaushe! Bana tanti ka kawo? Mina da saura, sai nan da wata biyu!"

"Baffa, bari dai rana ta fito."

Suka tona rami, suka hura ciyawa, suka kifa rabin garwa mai huda a kai, suka riƙe bakin yadin a saman hayaƙin. Da farko yana kwance kamar matacciyar saniya. Sai ya fara numfashi. Ya ɗaga kafaɗa, ya zauna, ya miƙe tsaye, ya fi ɗaki tsawo, baƙi wuluk yana sheƙi, duk layukan ɗinkina sun fito reras daga ƙasa har sama. Maza huɗu yana jan su. Na bar waina ta ƙone. A daidai lokacin ne Gwaggo ta damƙe hannuna ta ce, "Innalillahi, ga Yaya." Baba ne tafe daga bakin hanya, da sandarsa, yana sauri irin wanda ban taɓa gani ba. Ashe da safen nan ya buɗe akwati.

Bai kai gare su ba aka ba da alama, kowa ya saki nasa. Masu launin suka yi gaba, da 'yan wutarsu, namu ya bi su a baya da nauyin jiki kamar basarake. Jama'a na ihu. Can sama wutar na Jawa ta fara cinyewa, ja ya tsaya ya fara saukowa, kore ya bi shi. Rana kuwa ta gama fitowa daga bayan dutse ta bugi baƙin nan. Bai tsaya ba. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, yana ƙanƙancewa, ya koma kamar tulu, ya koma kamar goro, ya koma kamar ɗigon tawada. Dattijon nan mai tsokana ya rungume mahaifinku yana ta faɗin "Masha Allah". Ni ba sama nake kallo ba a lokacin. Baba nake kallo. Yana tsaye shi kaɗai, sanda a hannu, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi a baya bai sani ba. Gwaggo ta je ta ɗauko ta, ta kakkaɓe, ta tsaya gefensa, ni ina bayanta. Bai dube mu ba. Ya ce, a hankali:

"Ba wuta a jikinsa."

"Babu, Yaya."

"Ɗinkin Sa'a ne. Ko ɗaya bai buɗe ba."

Sannan ya ce, "Gabas ya nufa." Hawaye na bin gemunsa. Ku riƙe wannan da kyau, domin duk wannan ya faru ne kafin ƙurar motar askarawa ta bayyana.

Daga kan hanya suka hango baƙin abu a sama, kuma aikinsu ne su zo su ji ko mene ne. Da aka ga motar, kwarin ya watse. Duk marar takarda ya kama dutse, abokan mahaifinku har da barin takalma. Shi ma ya fi kowa sanin abin da ke jiransa: mota zuwa Jidda, jirgin ruwa zuwa Sudan, shi ke nan. Na ga ya kalli dutsen, ya kalli inda muke tsaye da tandarmu kusa da ramin hayaƙi, mata biyu da tsoho. Sai ya gyara tsayuwa ya harɗe hannu a baya. Babban askarin ya sauko yana nuna sama da sandarsa.

"Esh hada? Mene ne wannan? Na wane ne?"

Mahaifinku ya buɗe baki, Baba ya riga shi, da Larabcinsa mai ƙamshin Kano.

"Nawa ne. Yadin shagona ne, ɗinkin gidana ne. Laima ce, ya sidi, ta yi girma ne kawai."

"Wannan fa? Ina takardarsa?"

"Surukina ne. A hannuna yake. Ga tawa takardar, in da magana da ni za a yi."

Askarin ya juya takardar, ya dubi tsohon, ya dubi sama inda ba a ganin komai yanzu, ya ce to Baba ne zai biyo su ya yi bayani. Baba ya miƙa wa mahaifinku sandarsa, ya ce, "Kai su gida," ya hau bayan mota da kansa.

Kwanaki ya yi a can kafin shugaban unguwarmu ya karɓo shi, bayan ya dangwala yatsa cewa ba za a sake ba. Ba a kuma sake ba, tseren ma daga shekarar ya mutu, abin da ya sa wasu mutanen Jawa suka daɗe ba sa amsa sallamarmu. Hajjin shekarar kuwa ya same mu ba yadi. Alhazai na zuwa da yagaggun laimomi Baba na tura su shagon maƙwabci. Mun ci gaya ba miya a shekarar, Gwaggo ta sayar da awarwaronta, mahaifinku ya riƙa ajiye buhun shinkafa a ƙofar gida yana gudu don kada a mayar masa. Baba bai taɓa yi mini gori ba. Abin da kawai ya ce, ranar da ya dawo, ina durƙushe a gabansa na kasa ɗaga kai:

"Da kin tambaye ni da na hana."

"Na sani, Baba."

"Shi ya sa ba ki tambaya ba. Halin uwarki. Tashi ki kawo mini ruwa."

Bayan Hajji aka ɗaura aure. Wani ɗan uwanmu ya ce masa ai maganar da aka yi don tsira ba ta zama alkawari, yana iya fasawa. Baba ya ce shi bai yi maganar tsira ba. Ya ce ya ga mutum da dutse a bayansa da ƙafafu lafiyayyu, ya ƙi gudu ya bar mata, kuma wanda ya yi haka ya san inda ƙasa take ko da idonsa na sama. Wani makiyayi ne ya tsinci balan-balan ɗin a bayan wasu duwatsu, ya yi wa awakinsa inuwa da shi. Mahaifinku ya bi sawu ya karɓo ƙyalle ɗaya, Baba ya yi wa tasa laimar faci da shi, ita yake riƙewa har ƙarshen rayuwarsa.

Shekaru da yawa bayan haka, kuna ƙanana, saƙo ya zo cewa yayar Baba da ta rage a gida Kano tana son ganinsa kafin ta mutu. Baba kuwa mutum ne da ya rantse ƙafarsa ba za ta taka jirgi ba, ga tsufa, ga hanyar ƙasa ta rufe. Mahaifinku ne ya yi ta zirga-zirga har ya samo masa kujera, ya roƙi wani da ya sani a filin jirgi a ba shi ta jikin taga, ta hannun hagu. Shi da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora kayan mutane bai taɓa shiga ba, ya tsaya a bakin waya yana ɗaga hannu har jirgin ya ɓace. Da Baba ya dawo bayan wata biyu, ko zama bai gama yi ba mahaifinku ya matso.

"Baba, inji nawa ne da shi? Ka ji lokacin da ya naɗe ƙafafunsa?"

"Ban ƙirga ba, ɗana. Ƙasa nake kallo."

Ya juyo gare ni, laimar nan mai faci a kan gwiwarsa.

"Sa'a, na ga Fashar. Na yi mata sallama daga sama, da tafiya da dawowa."

Babu wanda ya sanar da shi cewa nan ne, kuma daga wannan nisan ba a ganin bukka balle kabari. Amma ba wanda ya yi masa gardama. Ya shafa facin da babban yatsa, ya yi murmushi.

"Gaskiyar uwarki ce," in ji shi. "Kafin la'asar mun kai bakin teku."